Rediyo Mai Tocila

Ni dai tun ina yaro, in aka aike ni sayen gishiri, da rake nake dawowa. Aji biyu na yi a elementare, malam ya gaya wa babana kan nan nawa ya fi dacewa da gammo. Na tsufa ina facin taya a bakin titin Samaru, amma halin nan ya ƙi tsufa.

Uwargidana ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. Ita ke ɗaukowa, mata su amsa, ana buga tulu. Yawancin waƙoƙin ita ta ƙaga su, tana daka ko tana wanki, kuma da yake ba ta iya rubutu ba, duk a kanta suke. Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura, zuwa majami'a ya gagara, sai wata safiya ta kira ni.

"Maigida, ka je Sabon Gari ka sayo mini ɗan rediyon nan mai memori. Amma mai ɗaukar murya nake so. In zuba wa matan nan waƙoƙina tun da sauran numfashi."

Na ce, "Wane numfashi? Wanda ya ishi unguwa guda faɗa? Ki kwantar da hankalinki, ke za ki binne ni."

Na hau bas na tafi. A kasuwa na faɗa shagon wani Ibo haifaffen unguwar Muchia, Hausarsa har ta fi tawa gudu. Na gaya masa saƙon. Ya baje mini rediyoyi a kan katako: wani kamar sabulun wanki, wani kamar ganga yana ta walƙiya. Can ya zaro wani ɗan baƙi, ba kyan gani.

"Baba, ga na Madam. Ka danna jan nan, ta yi waƙarta, shi ke nan ya riƙe har abada."

Har abadan nan ita ta tsaya mini a wuya. Mu a wurinmu ba a yi wa mai rai awon akwatin gawa. Sai na ga kamar in na kai mata abin nan, na sallame ta ke nan da hannuna. Na ajiye shi, na nuna wani kore mai tocila a goshi.

"Baba, wannan ba ya ɗauka fa. Ji kawai ake yi."

"Yana haska hanyar bayan gida?"

"Sosai ma."

"To naɗe mini. Muryar Madam ba ta buƙatar batir."

Ya yi dariya har da buga katako, ya zuba mini waƙoƙin yabo na wasu matan da ban san su ba a cikin memorin.

Da na kawo mata, ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Ina wurin ɗaukar?"

"Mai ɗauka ya ƙare a kasuwa. Sai an kawo daga Legas."

Ta dube ni irin duban da take yi wa mai awon masara in ya tauye mudu. Ta kunna tocilar da rana tsaka, ta haska mini fuska, ta kashe. Ba ta sake tambaya ba.

Ta riƙa ajiye shi kusa da matashi tana sauraron baƙin matan da ke cikinsa. Wani lokaci ta kashe shi, ta ɗauko tata a hankali, murya na karyewa, babu mai amsawa. Ni ina bakin ƙofa ina goge wani tsohon tub na taya da ba shi da huji. Kullum sai in ce, bari ta ɗan samu sauƙi tukuna, sai in koma in sayo wancan, lokacin ba zai zama ban kwana ba.

Ta rasu kafin dawa ta nuna.

Bayan an watse daga zaman makoki, matan zumunta suka zo gaishe ni cikin ankonsu. Shugabarsu, ƙawar uwargidana tun suna 'yan mata, ta hango rediyon a kan taga. Ta ɗauko shi da hannu biyu, ta share masa ƙura da bakin zanenta, ta miƙo mini, ta ce:

"Baba, Allah ya sāka maka. Ai ta gaya mana za ta aike ka. Jiya muka ɗauko waƙarta ta godiyar girbi, muka tsaya a tsakiya, ba wadda ta tuna sauran. Kunna mana mu ji ta."