Ƙafar Hammadu ba ta tsiro ba

Muna cikin keke daga Wuro Hausa zuwa Jimeta, ni da Hammadu abokina tun firamare, sandunansa a kan cinyata. Duk shekara sai ya kai kansa ofis an ga har yanzu ƙafa ɗaya gare shi, in ba haka ba a cire shi daga tallafin nakasassu.

Na gaya masa an gayyace ni taron ba da shawara kan gyaran shirin, amma ba ni zuwa. Na tsufa a aikin gwamnati, na san inda shawara take ƙarewa.

Ya ce, "Abokina, ka je mana. Turancin nan da ka dame mu da shi a aji, yau ga ranarsa. Ka ce musu na duba da safe, ƙafar ba ta tsiro ba."

Muka yi ta dariya. Sai ya ƙara a hankali, "Baɗi ban san ko zan iya hawan matakalar ofishin nan ba."

Na je taron. Magana ɗaya na yi: wanda aka yanke wa ƙafa, a tantance shi sau ɗaya.

Ko sun ji, oho. In ba su ji ba, baɗi kafaɗata tana nan, zai dafa ta ya hau matakalar.

Ku a unguwarku, wa ke raka irin su Hammadu?