Rifkatu, maman Ishaku

Da safen nan ina shirin fita ofis mijin Rifkatu ya kira ni, wai ta rasu. Hawan jini. Na zauna a bakin gado da mayafi a hannu, na kasa tuna inda za ni.

Rifkatu fa.

A banki muka haɗu, teburinta na jikin nawa. Lokacin da nake laulayin fari, kullum sai na tarar da tsamiya a durowata. Kirista ce, amma da azumi ba ta taɓa buɗe kular abincinta a gabana ba.

Sai ta haifi Ishaku. Ya wuce shekara bai zauna ba, likitoci suka ce da wuya ya yi tafiya. Ana gab da yi mata ƙarin girma ta ajiye aiki.

Mutane sun yi surutu. Manaja ya ce ta ɗauki mai aiki mana. Dangi suka ce ta yi asarar digiri. A wajen biki a tambaye ta me take yi yanzu, ta ce tana renon ɗanta, sai a ce, "To, ban da wannan fa?"

Murmushi kawai take yi.

Ganina da ita na ƙarshe a gidansu ne, a Unguwar Boro, da la'asar bayan an ɗauke ruwa. Tana zaune ƙarƙashin mangwaro, Ishaku a cinyarta, ya yi tsawo har ƙafafunsa na jan ƙasa. Tana shafa masa man kaɗanya tana ba shi labarin dutsen garinsu, yadda gajimare ke sauka a kansa har mutum ya taɓa da hannu. Shi kuwa sai dariya. Ganye na ɗigo a kanmu, babu wanda ya matsa.

Na ce, "Rifkatu, ba kya gajiya?"

Ta ce, "Ina gajiya mana, Zainab. Amma kin san a mafarkina gudu yake yi? Ni ce a baya ina haki, ina ce masa ya jira ni. In na farka sai in ce masa, kai, ka wahalar da ni jiya."

Na so in daɗe, amma na ce sai na dawo.

Yau a waya, baban Ishaku ya ce tun safe yaron ya ƙi karɓar koko a hannun kowa. Ƙofa kawai yake kallo.

Yanzu zan kama hanya. Ban san ko zai karɓa a hannuna ba, amma zan zauna kusa da shi har ya gaji da ƙi.

Allah ya ba ki hutu, ƙawata. Allah ya ba mijinki haƙuri, ya ba Ishaku hannun da zai yarda da shi.

Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, don Allah ka sa yaron nan a addu'arka yau. Sunansa Ishaku.