Ranar da Injin Ruwa Ya Tashi da Kansa

Ko tsufa ya cinye ni, ba na jin zan manta da ranar da injin ruwan garinmu ya ƙi jin maganata.

Ni ke kula da gidan ruwan, can gefen Sanyinna. An kafa mana wani akwati mai ƙwaƙwalwa, wanda injiniya ke kunna injin da shi ta waya daga Sakkwato. A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙaƙe da ƙyar.

Bazara ce, ruwan rijiyar ya ja baya, sai na kashe injin don ya taru. Ina alwalar azahar na ji ya tashi. Na kashe, ya sake tashi. Na san in ya ci gaba da jan iska zai ƙone, gari ya shiga bikin salla da ya ƙarato babu ruwa.

Na kira injiniya. "Kai ka kunna shi?"

"Wallahi ba ni ba ne, Baba. Masu ƙera akwatin sun ce an gano ɓaraka cikin ƙwaƙwalwarsa. Kowa daga ko'ina na iya shiga ya ba shi umarni."

"Shiga ta ina? Ɗakin ga kulle yake tun safe, makulli na hannuna!"

"Ba ta ƙofa ba. Duba baƙin makunni na ƙasa, mi aka rubuta?"

Na durƙusa ina bi da yatsa, injin na ta kuka. "Nan an sa Auta. Wancan gefen kuwa wurin mai ne, an rubuta man, ba su faɗi ko na mi ba."

Duk da halin da ake ciki sai da ya yi dariya. "Ba man gyaɗa ba ne, Baba, Turanci ne, aiki da hannu ke nan; Autan kuwa injin ya bi umarnin akwati ne. Juya can!"

Na juya. Injin ya yi shiru, na zauna a ƙasa ina hamdala.

Har yau ba mu san wanda ya taɓa shi ba. Da hannu na riƙa kunnawa, hankalina kwance, har aka zo aka sabunta ƙwaƙwalwar. An yi salla, kowane famfo na zuba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ke karɓar umarni daga nesa, a bar masa inda hannun na kusa zai kai, kuma na kusan ya san abin da aka rubuta a wurin.