Ranar da Manasseh Ya Toshe wa Kwamfuta Kunne

Ƙanena Manasseh shagon buga takardu gare shi a Karewa, kuma tun yana yaro haka yake, mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Ba ya rufe murfin kwamfutarsa sai ya fara kashe intanet. Wai in ta yi barci da layi a buɗe, tashinta da rikici ne. Shi "toshe mata kunne" yake kiran abin.

A bakin shagon Gogo Talatu ke suyar awara. Ɗanta Nu'uman soja ne a can Borno, ba ya samun kira sai ta intanet, shi ma sai sun fito gari. Wayar Gogo kuwa daga kwamfutar Manasseh take jan layi, shi ya haɗa mata da hannunsa.

Wata Asabar da rana aka ɗauke wuta, batir ya yi ƙasa. Manasseh ya toshe kunnen, ya rufe murfi, ya tafi cin abinci. Ko kaɗan Gogo ba ta faɗo masa a rai ba. Da ya dawo ya kunna, sai ga alamar kira a wayarta, Nu'uman ya nema bai samu ba. Daga ranar ba a sake jin muryarsa ba, rundunarsu ma cewa take ana bincike.

Manasseh ya rame. Ya koma shiga shagonsa ta ƙofar baya kamar ɓarawo. Na ce masa, "Kai ka ɗauke wutar? Kai ka tura yaron daji?" Ya ce, "Yaya, hannuna ne ya danna."

Gogo ce ta gaji, ta bi shi har ciki da matsamin awara a hannu.

"Ɗan nan, bashi nake binka da kake guduna?"

"Gogo, ni na kashe layin ranar."

"To na sani mana. Makauniya ce ni? Tashi ka duba mini wayan nan, jiya ban ga layi ba."

Ya karɓa ya duba. Ashe tun ranar bai sake kashewa ba, wayar ce ta saki layin. Ya sake haɗawa, ya mayar mata. Ta ajiye ta kusa da kasko, inda za ta ji in ta yi ƙara.