Iskar da Kawu Haruna Ya Ɗura wa Tayoyi

Alhamis: Mu'aither zuwa ƙarshen kwalta

Ana idar da sallar asuba Kawu Haruna ya danna mini oda a ƙofar gidanmu na Mu'aither, wata unguwa a gefen Doha, kai ka ce motar gadonsa ce. Ƙanin mahaifiyata ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tirela tsakanin Gusau da Legas, ni kuma na yi ta sintiri har na samo masa aikin direba a gidan wani Balarabe. Bai daɗe a Doha ba, gwaji ake yi masa har yanzu. Maigidan ya faɗa masa ƙarara: zai sayi ɗakin kwana irin wanda ake ja da mota. In Kawu ya iya jan sa cikin rairayi, aiki ya zauna. In ya kasa, akwai wani direba ɗan Sudan yana jira. Hutuna ya faɗo daidai, sai aka tafi da ni ɗan dako zuwa baje kolin irin waɗannan ɗakuna a bakin sahara.

A kasuwar Abu Hamour muka loda kankana da tumatir da ɗaurin itace. Kawu ya daɗe yana kallon itacen. "Ƙasar gas, amma a murhu za a yi girki? Ƙoshi ne ke damunsu."

Hanyar Wakra sumul take, ba rami, ba shingen masu cewa a ba su na goro. Wannan ma bai yi masa ba, wai ba tuƙi ba ne, zama ne. Muka tsaya muka sha shayin karak da burodi, muka miƙe kudu. Inda kwalta ta ƙare muka tarar da jerin manyan motoci, kowa tsugune gaban tayarsa.

"Dubi," in ji Kawu, "mota mai tsada, taya ta banza. Duk faci suka yi."

"Kawu, ba faci ba ne, iska suke..."

"Auwalu, kai gadi kake yi ko tuƙi?"

Na ce gadi.

Wurin baje koli

Jama'a, na ga abin da ya ishe ni. Fili ne fetal a kan ƙasa mai tauri, an jera gidaje masu taya, kowanne da tuta. Na shiga ɗaya na tarar da gado, kicin, na'urar sanyaya ɗaki, da banɗakin da ya fi ɗakin da muke kwana mu shida haske. Mai tallan yana ta yi mini bayanin yadda mutum zai huta da hayaniyar gari ya koma rayuwar kakanni. Kakannin wa? Nawa dai ban ji sun kwana da talabijin a tsakiyar daji ba. Mu mun baro ƙauye da ƙyar saboda rashin wuta da ruwa, su kuwa ƙauyen suke saye, muddin zai zo da firji.

Bayan la'asar maigida ya zaɓi nasa, fari, dogo. Kawu ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa kamar mai sayen tukunya. "Wannan ai jikan tirela ne. Da hannu ɗaya zan ja shi."

Masauki

Sansanin kwana yana kusa, aka ja ɗakin can ba wahala. Maigida da baƙinsa suka baje a babbar tanti mai darduma, mu aka nuna mana wata ƙarama jikin janareto, don mu ma mu ɗanɗana shirun sahara. Shinkafa da naman rago kam mun ci har muka bari. Kawu yana can yana fama da murhu lokacin da ɗan maigida ya bi tayoyin motar da na ɗakin ɗaya bayan ɗaya ya rage musu iska, don gobe da safe za a ratsa tuddai zuwa filin da za su yi zaman hunturu. Taya mai laushi ce ke shimfiɗuwa a kan rairayi, mai tauri nutsewa take yi. Na gani, na ce in gari ya waye na sake gwada gaya masa.

Juma'a

Ya riga ni tashi. Direban tirela ba ya karyawa sai ya shusshuri tayoyinsa, da ya ji su laɓo-laɓo nan take ya gane makircin ɗan Sudan, mutumin da ko wurin bai zo ba. Ya zaro famfon iska daga but ya ɗura musu har suka yi tauri kamar dutsen niƙa. Na fito na same shi yana goge hannu yana murmushi.

"Kawu, me kuka yi?"

"Na kunyata maƙiya."

Kafin in ce wani abu maigida ya fito da baƙinsa yana "Yalla, yalla!", wato a yi maza a tafi. Kawu ya yi bisimilla ya ja. Tudun farko ko rabinsa ba mu kai ba motar ta tsaya. Ya taka mai. Ta nutse. Ya ƙara takawa, don a hanyar Lakwaja haka ake fita daga taɓo, ta zauna daram a kan cikinta, ɗakin ya karkace, muna jin farantai na tarwatsewa a ciki. Baƙi suka zaro waya suna ɗauka, waɗanda jiya ko sallamarmu ba su amsa ba.

Ɗan maigida ya taɓa taya ya ɗago yana tambayar wa ya yi wannan. Kawu ya bugi ƙirji ya ce shi ne. Har lokacin yabo yake jira, kuma a nan dariyata ta ɗauke, tausayinsa ya kama ni.

Sai da motoci biyu suka taru aka fisgo mu. Maigida bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya miƙa, Kawu ya ajiye masa makulli. "Khalas, magana ta ƙare. Ba zan mayar da kai gida ba, kai dattijo ne. Ɗakin nan yana bukatar mai gadi har ƙarshen hunturu."

Komawa

Da yamma na samu wuri a tankar da ta kawo ruwa. Kawu ya rako ni har bakin ƙofarta, ya tsaya yana duban sitiyarin.

"In yayata ta bugo, ka ce ina kan hanya."

Direban tankar, wani Bahaushen Kumasi, ya sauke ni a Mu'aither ana kiran isha'i, ko kuɗin shayi ya ƙi karɓa. Allah ya saka masa, na kuma gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Ina cire takalmi Inna ta bugo, ta tambayi ƙaninta. Na ce yana kan hanya.

"Haruna ke nan," ta ce, "ba ya iya zama wuri ɗaya. Allah ya tsare masa hanya."

Na ce amin.