Wa Ya Kai Nama Ojoo?

Shekarun baya, ina gama jami'a, na samu koyarwa a wata ƙaramar makarantar firamare a nan Sabo, Ibadan. Ban ce na samu aiki kai tsaye ba, domin shugaban makarantar cewa ya yi zai gwada ni zango ɗaya ya gani. Aji biyar aka ba ni. Ni kuwa, waɗanda suka san ni sun sani, ko saƙon waya zan tura sai na karanta shi sau da yawa, in tura kuma in dawo ina tunanin ko na yi kuskure.

Da Babbar Sallah ta matso, sai na ga maimakon in loda wa yara lissafi su tafi da shi hutu, bari in haɗa musu wasan wasa ƙwaƙwalwa, irin wanda ake ba ka 'yan bayanai kai kuma ka gano sauran da tunani. Na kai wa shugaban. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Malama, iyayen nan karatu suka kawo yara, ba tatsuniya ba. Na yarda, amma uwa ɗaya ta kawo ƙara, an gama. Kin dai san matsayinki."

Na sani kuwa.

Har yau ina riƙe da wasan a kaina. 'Yan'uwa uku aka aika rabon naman layya: babba, na tsakiya, da auta. Ɗaya ya je unguwar Ojoo, ɗaya unguwar Mokola, ɗaya cikin Sabo ya tsaya. Ɗaya a okada, wato acaɓa, ɗaya a keke napep, ɗaya da ƙafa. Wanda ya je Ojoo shi ya hau okada. Wanda ya tsaya a Sabo da ƙafa ya zaga. Auta bai hau okada ba, bai kuma tsaya a Sabo ba. Babba bai taka da ƙafa ba. To, wa ya je ina, kuma a me?

Kafin in raba sai da na gwada shi a kan mahaifiyata, da ƙanwata, har da mai kawo mana ruwa. Mahaifiyata ta ce in na sake tambayarta wa ya je Ojoo, ni za ta aika can.

Ranar da aka ba da hutu na raba wa yara, na ce su yi a hankali, ba jarrabawa ba ce. Wata yarinya mai baki, wadda mahaifiyarta ke sayar da waina a gida, ta ce, "Anti, in mun gano akwai nama?" Na ce akwai tafi. Aji ya ɗauki ihu.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, a unguwarmu yara ne ƙafafun iyayensu mata. Su ke kai kwano gidan nan, su karɓo na can, su kai saƙo su dawo da amsa. Lokacin layya kuwa ba gidan da ba sa shiga. Ashe duk inda kwanon nama ya shiga, wasana ya shiga tare da shi.

Washegarin Sallah da hantsi sai ga yarinyar nan a tsakar gidanmu. "Anti, Mama ta ce ki zo yanzu yanzu."

Na ce lafiya? Ta ce ita dai an ce in zo. Na saka mayafi, ina tafe ina shirya ban haƙuri. Kafin in kai ƙofar gidansu har na gama tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata aiki ya ƙare, na fara tunanin ko akwai makarantar da ke neman malama wajen Mokola.

Na yi sallama na tarar da tsakar gida cike da hayaƙi da ƙamshin suya. Maman yarinyar na gaban kasko da matsami a hannu. Gefenta maƙwabciyarta, wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya, wadda ta daɗe a Sabo har Hausarta ta fi tawa gudu.

"Yauwa, ga mai laifin," in ji maman yarinyar. "Malama, kin ga naman nan? Saura kaɗan ya ƙone, kuma ke kika ja."

Na fara, "Don Allah ku yi haƙuri, wataƙila ban yi tunani sosai ba..."

"Ajiye haƙurin nan tukuna. Auta, Mokola ya je a keke, ko ba haka ba?"

Ban gane ba nan take. Iya ta tafa hannu. "Haba! Wace uwa ce za ta saka auta a keke shi kaɗai ranar Sallah, da kwanon nama a cinya? Ya kai shataletalen Mokola ya sauka ta ina? Auta yana gida. Oya, Malama, gaya mata."

"Takarda ta ce bai tsaya a Sabo ba, Iya!" in ji maman yarinyar.

"Takarda ta taɓa haihuwa?"

Sai duka suka juyo suna kallona. Na ce, a ganina dai, in aka bi bayanan, kamar Mama ce ta yi daidai, amma kuma maganar Iya ma abin dubawa ce, domin...

"Malama," in ji maman yarinyar, "kin yi digiri. E ko a'a?"

Na ce e.

Ta ɗaga matsami sama ta rangaɗa guɗa, yara suka fito daga ɗaki suna tsalle. Iya ta ce ba ta yarda ba, za ta kai maganar gaba. Aka cika mini kwano da soyayyen nama, har da hanta, aka ce kada in dawo da kwanon sai da sabon wasa a ciki.

Kalmar Iya ta kai magana gaba ita ta hana ni sakewa sauran hutun. Ranar da aka koma, shugaban ya aiko a kira ni. Ya ce, fuska ba walwala, "An kawo ƙararki." Na riƙe bakin tebur. Ya ce wata dattijuwa ta zo takanas, ta ce a ja wa malamar aji biyar kunne ta daina aiken ƙananan yara nesa. Ta kuma ce wasan hutu mai zuwa a ba jikanta, ko da yake aji huɗu yake. Sai ya fashe da dariya, ya ce shi ma a gidansa sai da aka tsayar da shi ya faɗi inda babba ya je kafin a ba shi abinci. Ya ce in shirya wa aji huɗu da aji shida nasu, zango mai zuwa ma ina nan.

Ba zan ce abin ya raba ni da fargaba ba. Har yanzu kowane wasa sai na gwada shi a kan duk wanda ya shigo gidanmu. Amma na gane cewa ba kowane kira ne na faɗa ba, wani lokaci mutane murna suke so a zo a taya su. Kuma tun daga ranar, duk wasan da na rubuta, na azumi ne ko na layya, ban sake aiken auta shi kaɗai ba. Kullum ina haɗa shi da yayarsa, saboda Iya.