Ƙauyen da Nura ya bari a cikin waya

Shekara huɗu ke nan da aka kashe ƙanena Nura a hanyar Tsafe. Mota ɗaya muke ciki. Ni na tsira da ɗingishi, shi aka binne.

Ban yi makaranta ba, dakon hatsi nake yi a kasuwar Gusau. Nura ne ya karanci kwamfuta. Kafin ya rasu ya haɗa wasan waya a kan babban hutun damina da muke yi muna yara a gidan kakarmu, Inna Kulu, can bayan Bungudu. Hutun nasa ne, ni ɗan rakiya.

Babu faɗa a wasan, babu wanda ke cin wani. Ka kora awaki, ka gasa masara, ka yi wanka a gulbi, rana ta faɗi. Ranar da ya fara ba ni na gwada, na maƙale a tsakar gida. Na danna, na danna, yaron da ke ciki ya ƙi fita.

"Abin nan naka ya lalace," na ce.

"Yaya, kai dai ka lalace. Ka wuce Inna a tsaye kamar ɗan sanda! Durƙusa ka gaishe ta, ka tambayi ƙafarta da tumakinta."

Yau ƙauyen kango ne. Inna a ɗakin haya ta cika, a nan Gusau.

Watan jiya wani abokin karatun Nura ya zo. Yana so ya ƙarasa wasan, duniya ta gani. Amma sai an cire gaisuwa, wai tana cin lokaci, a sa 'yan bindiga a kan babura. "Da su aka san mu yanzu, Malam Sabo," in ji shi. Na ce ya shanye ruwansa ya tashi.

Da Nura na nan, da wasa da dariya zai shawo kansa. Ni ban iya ba. 'Yan bindigar nan sun ƙwace gonarmu, sun kore shanunmu, sun kashe ɗan'uwana. Cikin wasan nan kam ba su shiga.

Na san abin da na jawo. Wataƙila wasan ba zai taɓa wuce wayoyin gidanmu ba. Na yarda.

'Ya'yana ba su taɓa taka ƙauyen ba, amma daga wasan sun san inda rijiya take, sun san kwanar masallaci, sun san rumbun da ke bayan ɗakin Inna. Allah ya jiƙan Nura. Ranar da muka koma, kuma za mu koma, ba mai nuna musu gidan ubansu.